Cikin Kyalla

Goggon Awaki ba ta da ƙawa a layinsu, kuma ba ta nema. Tun da mijinta ya rasu ta kafa turaku a ɗakinsa, awaki suka gaje shi. Wanda duk ya jefi akuyarta, har gida take binsa ta wanke shi tas, ta haɗa da wadda ta haife shi. Gudawa, ƙaiƙayi, ciwon kofato, babu wanda ba ta yi jinyarsa da hannunta ba.

Kyalla ce 'yar lelenta, akuyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Da cikinta ya taso, bakin Goggo ya ƙi rufuwa. Ta ƙara mata dusa da kanwa, da safe ta sake ta ta yi kiwo a bakin kwata, wai tafiya na sauƙaƙa naƙuda. Ciki na girma, akuya na ramewa, har ta daina tuƙa.

Ƙanin Goggo ya zo gaisuwa, ya latsa cikin, ya ji shi kamar dutse.

"Yaya, wannan ba na haihuwa ba ne. Bari in kira likitan dabbobi."

"Ya yi mata allura ta yi ɓari? Kai awaki nawa ka taɓa karɓar haihuwarsu? Sha ruwanka ka kama gabanka."

Watan haihuwa ya zo ya wuce. Ranar da Kyalla ta kasa tashi, dole aka kira mahauci kafin ta zama mushe. Goggo ta tsaya a kansa, ta ce ya bi a hankali ko za a samu 'ya'yan da rai.

Ya farke tumbin, ya zaro wani baƙin dunƙule mai wari, ya warware shi da wuƙa. Leda ce zalla, ta gishiri, ta mai, ta ruwan sanyi, duk abin da mutanen layin ke sha su lashe su wurgar a kwata ba kunya ba tsoron Allah. Goggo ta juya a fusace. Ta fita ƙofar gida ta zage layin kaf, gida gida, babu wanda ya leƙo. Haushin da ya fi cin ta shi ne ita da kanta take kwance wa Kyalla igiya kullum.

Ta dawo muryarta a dishe. Mahauci ya gama yanka nama, yana goge hannu.

"Goggo," ya ce, "a ba ni leda in zuba miki."