Abin Kunnen Mai Agogo

Ni da Mai Agogo benci ɗaya muka zauna a makarantar mishan. Shekara arba'in da biyu ya yi yana gyaran agogo, kuma da kunne yake gane ciwonsu kafin ya buɗe murfi. Da jinsa ya fara raguwa, sana'ar ta soma kuɓuce masa, sai ya ce wa 'yarsa, "Ki samo mini abin kunne."

Ita kuwa ta bar wa mijinta aikin. Surukin nan ya kwashe mako guda yana gwada lasifikan kunne iri biyu marasa waya. Ɗaya ba nauyi, ɗayan cajinsa na jure doguwar tafiya. Bai tambayi tsohon komai ba, ya zaɓi wanda ya fi kashe ƙara.

Ina shagon ranar da ya ɗora masa shi a ka. Agogo talatin suna bugawa a bango, amma Mai Agogo ya ji ɗif. Ya zaci kunnen ya mutu gaba ɗaya.

Surukin ya ɗage masa gefe ɗaya ya ce, "Baba, ka ji shirun? Ko a jirgi haka za ka ji!"

Tsohon ya fizge abin. "Jirgin wa? Na ce a ƙara mini ji, ka sayo mini kurumta a kwali!"

Washegari 'yar ta kai shi wurin likitan kunne, aka ba shi na'urar da ta dace, ya koma kan agogunansa. Lasifikar tana rataye a ƙusa. Ba ya sa ta sai surukin ya zo gaisuwa.