Tara Biyu a Fili Ɗaya

A dogon hutun bara ne ƙungiyar ƙwallonmu ta Kambarawa ta kai wasan ƙarshe a gasar unguwanni. Tun da aka kafa ta ba mu taɓa wuce zagaye na biyu ba, saboda haka murnar da muka yi har kajin maƙwabta sai da suka san da ita. Wani kawun golanmu ya kawo mana kyautar jesi goma sha takwas, farare fes, amma babu lamba ko ɗaya a bayansu.

Ni ne na buɗe baki. Na ce ai lambobin da kowa ke sawa sun zama ruwan dare, mu yi na Romawa irin na agogon bango, yaran Ƙofar Durbi da za mu kara da su su gan mu gabansu ya faɗi tun kafin a hura usur. Kyaftin ɗinmu, wanda ya girme ni da shekara uku kuma bai cika dariya ba, ya daɗe yana kallona. Daga baya ya ce ya yarda, kuma zai ba ni lamba tara in fara wasa. Amma idan lambobin nan suka jawo ko da ƙurar matsala ce, zan tuɓe jesin a nan fili in miƙa wa ɗan baffansa, in koma ɗaukar ruwa. Shekara biyu ina ɗumama benci, har katakon ya san ni. Na ce na ji, na gani.

A tsakar gidanmu na yi aikin. Na yanke lambobin a jikin kwali da reza, na samo baƙin fenti da soso. Don kada rigunan su tattare, na riƙa cusa faifai a cikin kowace, daga faya-fayen da Umma ke saƙawa. Ban tambaye ta ba, don na san amsar.

Sai wata dabara ta faɗo mini, wadda har yau nake ganin ta cancanci kyauta. Na lura cewa IV idan ka kifa kwalin sai ya zama VI, haka ma IX ya zama XI. Kwali ɗaya, lamba biyu. Na yi huɗu, na kifa, na yi shida. Ina cikin yin tara Umma ta dawo daga barka, ta ɗaga wata riga, ta ga fentin ya ratsa yadin ya zauna daram a kan faifanta. Abin da ta faɗa mini a yammacin nan, da za a rubuta shi, da ya cika littafi. Sauran rigunan a guje na ƙarasa su, hannu ɗaya na riƙe da soso, ɗaya na kare ƙeya.

Ranar wasa muka zazzage buhun jesi a bakin fili, nan take ƙorafi ya tashi. Gola ya ce shi sanda ɗaya kawai aka ba shi, kamar maraya. Mai lamba goma ya ce an sa masa X kamar wanda ya faɗi jarrabawa. Shi kuwa mai sha takwas, siriri ne kamar tsinken tsire, XVIII ɗinsa ta faro daga hammata ta ƙare a ɗaya hammatar, sai ka zagaye shi kafin ka gama karantawa. Duk da haka da muka jeru mun yi kyau. 'Yan kallo suka ɗauki ihu, ni kuma ina tafiya kamar ni na gina Katsina.

A layin gaisawa ne na ga abin. Abokina mai ƙafar hagu, wanda shi ke ci mana kusan duk ƙwallayenmu, yana gabana. A takarda shi ne sha ɗaya. A bayansa kuwa IX ce, irin tawa sak. Ashe ban kifa kwalin ba. Na duba hagu, na duba dama, babu wanda ya lura, don rabin ƙungiyar ado suka ɗauki lambobin. Na ci gaba da bin layi kamar ban ga komai ba.

Alƙalin wasan wani tela ne daga Ƙofar 'Yandaka, dattijo mai tabarau. Tun farko ya gaya wa kyaftin cewa shi ba zai tsaya lissafi ba, abin da ya gani a bayan yaro shi zai zana a ɗan littafinsa. Ba a yi minti ashirin ba na riƙe wandon wani mai gudu kamar barewa, don ban ga wata hanyar tsayar da shi ba. Alƙali ya ba ni katin gargaɗi, ya juya ni, ya zana.

Bayan hutun rabin lokaci, babu wanda ya ci, abokina ya kwashe ƙafar wani. Alƙali ya ɗaga masa katin gargaɗi, ya juya shi, ya buɗe littafi, ya gyara tabarau. Sai ya zaro jan kati. Abokina ya rantse da duk abin da ya sani cewa wannan ne laifinsa na farko. Alƙali ya nuna masa zanen, sanda da gicciye, ga su nan tun ɗazu. Yaran Ƙofar Durbi har sun fara rawa.

Da na yi shiru, da na gama wasana lafiya. Amma na ga abokina ya nufi bakin fili yana share ido da gefen riga, kuma na san in ya fita, ni ko gola ya tafi sallah ba zan ci ba. Na je na tsaya kusa da shi, na juya wa alƙali baya.

Dattijon ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya mayar da jan katin aljihu, amma ya ce ba a wasa da mutum biyu masu lamba ɗaya, dole ɗaya ya fita.

Kyaftin ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Mi na ce maka? Tuɓe."

Na kama wuyan rigar na ɗaga ta. Tana kan fuskata na ga baƙin fenti ta ciki, wanda ya ratsa yadin, kuma ta nan XI ce ƙarara. Na maido rigar da sauri har na kusa cire kunne.

"Malam, don Allah a dakata. In ya juya rigarsa ciki ya koma waje fa?"

Abokina ya juya ta ya sa. Alƙali ya kai tabarau har kusa da bayansa, ya gwada da takardar sunaye, ya shafa ɗinkin da ya fito waje. Ya ce lamba ta yi daidai, amma wanda ya ɗinka jesin nan bai san aikinsa ba. Ya hura usur.

Saura minti biyar abokina ya ci. Ni ma na samu tawa damar, raga a buɗe kamar ƙofar gari, na buga ƙwallon ta tafi wajen mai rake. Babu wanda ya riƙe ni da wannan. Bayan an tashi kyaftin ya ce in bar jesin a jikina, amma kada ya sake jin kalmar Romawa a bakina har ya tsufa.

Da na koma gida ina ba Umma labari, tana tankaɗe a kan faifai mai lamba VII, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ai tun ranar da take tattara faya-fayenta ta ga biyu iri ɗaya. Na tambaye ta dalilin da ya hana ta gaya mini.

"Kai ka gaya mani za ka ɗauki faya-fayena?"