Katunan da Na Jera wa Dakta

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, a tsakiyar shekarun 1970, ina wata na biyu a ɗakin kwamfuta a Samaru. Ƙaramin mai kula da na'ura ne ni, kuma ina zaman gwaji: sai na cika wata uku ba tare da laifi ba za a tabbatar mini da aiki. Kafin nan akawun fayil nake a wani shago a unguwar PZ, inda aka hore ni cewa duk takardar da ba ta kan layi laifina ne.

A lokacin kati ake hudawa, kowane ƙulli aiki ɗaya, mu zuba wa na'ura ta karanta. Bayanai kuwa a tef muke ajiye su, sai aka kawo sabuwar ma'ajiya mai faifai, wai ta fi sauri. Injiniyan da ya kafa ta, Bitrus, yana jiran shugabanmu Dakta Lawal ya sa hannu ran Juma'a cewa ta yi. In bai sa ba, a kwance ta a mayar Ikko.

Dakta ya miƙo mini tire cike da kati, ya ce, "Ayyuka ashirin ne. Ka zuba su, ka duba agogo, ka rubuta minti nawa suka ci. Sannan ka sake. Sau goma."

Na ce, "Su ɗin dai, ranka ya daɗe?"

"Su ɗin dai."

Na yi sau huɗu, amsa ɗaya, lokaci kusan ɗaya. Kaina ya ɗaure. Ko horo ne ake yi mini? Ko yana gwada haƙurina ne? Da na duba katunan sai na ga abin da ya fi ba ni haushi: a hargitse suke. Aikin masu binciken gyaɗa, sai na jarrabawa, sai na masu binciken shanu a Shika, sai kuma gyaɗa. Na ce a raina, babban mutum ne, ba shi da lokacin jera kati. Na zauna na haɗa gyaɗa da gyaɗa, shanu da shanu. Nan take lokacin ya ragu sosai, har na ji daɗin kaina.

Washegari Dakta ya ƙura wa takardata ido. Huɗun farko a hankali, shidan ƙarshe kamar an kora su. Ya kira Bitrus ya ce, "Na'urar da ba ta tsayawa kan magana ɗaya ba zan karɓa ba."

Bitrus ya buɗe ta, ya auna nan ya auna can, gumi yana zuba duk da sanyin ɗakin. Ya ce, "Oga, wallahi ban ga komai ba." Ni ma ban gane ba. An sami sauri, me ya sa kowa ya ɓata rai? Sai da na ji Dakta yana cewa, "Kati ɗaya, jeri ɗaya, ta yaya lokaci zai bambanta?" sannan na gane ni ne na jawo.

In na yi shiru, na'ura ta koma, Bitrus ya sha kunya. In na yi magana, wataƙila ni zan koma PZ. Tsoro na ji, ba na ɓoyewa. Na ce, "Ranka ya daɗe, jerin ba ɗaya ba ne. Na gyara maka."

 Dakta ya ja ni gaban faifan, ya nuna mini hannun da ke yawo a kansa yana nemo bayani. Ya ce, "Mutane a hargitse suke zuwa mana, Iliya. Kwana biyu na yi ina hargitsa katunan nan don hannun nan ya wahala yadda zai wahala kullum. Kai kuma ka tausaya masa."

Muka mayar da jerin yadda ya rubuta shi a takardarsa, na sake sau goma, lokaci ya tsaya wuri ɗaya, Dakta ya sa hannu. Bai kore ni ba, amma ya ƙara mini wata guda na gwaji, shi ma Bitrus ne ya roƙar mini.

Abin da na koya shi ne, in ana awo, abu ɗaya kawai ake sauyawa, sauran a maimaita su yadda suke ko da sun yi muni a ido. Shekara talatin na yi ina koya wa sababbin ma'aikata aiki, kuma malalaci bai taɓa ba ni tsoro ba. Wanda nake sa wa ido shi ne mai son taimako irina.