Gonarsa Cikin Jar Da'ira

A sakatariyar Faskari wani tsoho yana tsaye gaban taswirar ma'adinai da aka zana daga hotunan jirgin sama. Faso ya tsattsaga dugadugansa, da gani manomi ne. Yana bin rafi da yatsa har ya tsaya kan wata jar da'ira.

"Malam, nan gonata ce. Wannan jan fa?"

"Alamar zinariya ce, Baba," in ji ma'aikacin.

Ko murmushi bai yi ba. Ina jin ya san ƙauyukan da zinariya ta jawo wa 'yan bindiga. Ya rufe wurin da tafinsa, yana waiwayen ƙofa.

"Ɗana," ya ce ƙasa-ƙasa, "su wa suka ga takardar nan?"