Kafson Garkuwar Jiki Da Na Kai Wa Inna

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ma'aikacin ɗakin kati ne a wani asibiti a Birnin Kudu. Aikina in rubuta sunan majiyyaci, in zaro fayil, in nuna masa bencin da zai zauna. Ko allura ban taɓa riƙewa ba. Amma a ƙauyenmu da ke yankin Farin Dutse, can Gwaram, duk wanda ke shiga asibiti da safe ya fito da yamma likita ne, ko da shara yake yi. Haka suke kirana, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. In na je gida ranar Asabar har takardun magani ake kawo mini in duba, in ɗaga su sama ina gyaɗa kai kamar na san abin da ke ciki. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana fasa mini kai.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Gidanmu Fulani ne da suka daɗe da zama. Fulatancin ya tafi, amma kunyar tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni. In na durƙusa a bakin ƙofa ina gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. In tana da magana da ni, ƙanwata da ke aure a unguwar ce take kawo mini. Da tari ya kama Inna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ni na kawo ta asibiti. Aka gwada kakinta, aka ce tarin tibi ne. Aka ɗora ta a kan magani na wata shida, aka ja mana kunne cewa ko ta ji garau kada a tsallake ko kwana ɗaya, domin in aka yanke ciwon kan dawo da ƙarfinsa. Ina tsaye a wurin aka faɗa, da kunnena na ji.

Wata biyu da farawa tarin ya lafa, sai dai ƙanwata ta ce maganin yana tayar wa Inna da zuciya, gaɓoɓinta na ciwo, fitsarinta ya koma ja. A daidai lokacin ne na haɗu da wani mutum mai jaka da yake yawan tsayawa a shagon shayi kusa da wurin aikinmu, tsaf da shi, bakinsa kamar zuma. Ya nuna mini kwalbar wani kafso, ya ce sunan sinadarin beta gulukan, daga yis ake tace shi, irin yis ɗin da ake kwaɓa burodi. Ya ce jikin mutum yana da sojojinsa, wato garkuwar jiki, wannan kafson tashe su yake yi daga barci su kori kowace cuta da kansu. Ya ce maganin asibiti kuwa hanta yake cinyewa. Ya sa ni a wani zaure na waya inda kullum ake turo muryoyin mutanen da suka ce sun warke. Kuma tun haɗuwarmu ta farko Dokta yake ce mini. Nan ya gama da ni.

Tsakanin teburina da ofishin likitan da ke duba Inna bai fi taku ashirin ba. Da na tashi na tambaye shi, da yanzu ba na rubuta wannan wasiƙa. Girman kai ya hana ni, ina gudun kada ma'aikatan jinya su yi mini dariya. Na ɗauki kwalba biyu na hau babur zuwa gida, na ce wa ƙanwata ta gaya wa Inna ta ajiye maganin asibiti, ga wanda ya fi shi. Ƙanwata ta tuna mini gargaɗin da aka yi mana. Na daka mata tsawa, na tambaye ta tsakanin ni da ita wa ke aiki a asibiti. Ta kai saƙon. Inna ta ce abin da na faɗa shi ke nan. Da mai raba maganin ya tare ni yana tambayar me ya hana ta zuwa karɓa, na ce ta tafi wurin dangi a Bauci. Ƙarya tsagwaronta, kuma ko ɗar ban ji ba.

Wata huɗu ina zuwa duk Asabar. In durƙusa a bakin ƙofa, in ce Inna ya jiki, ta ja mayafi ta juya fuska bango ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ni sakarai sai in ɗauki wannan in kai zauren waya, ina shelar mahaifiyata ta warke. Daga baya na ji cewa jini take tofarwa a gwangwani, ta rufe da toka, ƙanwata ta kai bayan gida ta binne. Ta hana ƙanwata faɗa mini, ta ce ba za ta kunyata ni ba, kuma in ta faɗa ba ta yafe ba. Abin da ke ci mini rai shi ne na san wannan al'ada, a cikinta na tashi. Na san Inna ba za ta taɓa buɗe baki ta ce wa ɗanta na fari maganinsa ba ya aiki ba. Ban taɓa ɗaga labulen na dube ta da kyau ba, saboda amsar da nake so ita take ba ni.

Da kaka ta yi, tana zaune tana tsince wake ta kife. Aka kawo ta asibiti da rana tsaka. Likita ya duba hoton ƙirjinta, sannan ya tambayi wanda ya tsayar da maganin. Ina tsaye, katin aikina rataye a wuyana. Sai Inna, da ɗan abin da ya rage mata na murya, ta ce ita ce ta zubar, taurin kan tsufa ne, 'ya'yanta kam sun yi iya ƙoƙarinsu. Likita ya yi mata faɗa sosai a gabana, ta sunkuyar da kai tana saurare. Ƙanwata ta zuba mini ido tana jiran in yi magana, ban ce uffan ba. Aka ce huhun ya lalace, ƙwayar cutar kuma ta daina jin maganin farko. An sake mata wani, an yi ƙoƙari, amma ba ta cika sati uku ba Allah ya karɓi abarsa.

Bayan sadakar bakwai na tsinci kwalbar a ɗakinta. A jikinta, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa ƙarin abinci ne, ba a yi shi don warkar da kowace cuta ba. Na iya karatu, ban dai karanta ba ne. Da na tari mai jakar, ya ce shi bai taɓa cewa in tsayar da komai ba, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Ƙanwata tana gaishe ni har yau, amma ba ta ƙara cin abincin gidana ba.

Ban ce kafson guba ne ba, mai yiwuwa yana da amfaninsa ga wanda ya dace, wannan masana za a tambaya. Abin da na sani shi ne ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Don Allah, duk wanda ya ce muku ku ajiye maganin asibiti saboda ƙarfafa garkuwar jiki, ku tafi da kwalbar wurin likitan ku tambaya, ko da ɗan cikinku ne ya kawo. Ku kuma ire-irena da ake yi wa kirari da abin da ba ku karanta ba, ku koyi cewa ban sani ba, ba ta rage wa kowa tsawo. Na san kwana ya ƙare ne, amma na san ta hannun wa sanadin ya biyo. Inna ta ɗauke mini laifin a gaban likita, ban san wanda zai ɗauke mini shi a gaban Allah ba.