Littafin da Ke Warin Albarushi

Jiya na tsinci tsohon littafina, har yanzu yana warin albarushi, sai na tuna marigayi kakana.

Sabuwar bindigar tokarsa ta ƙi saiti, birai kuma suna cinye masararsa. Abokansa suka ce ya mayar wa maƙerin da ya ƙera ta, ya kunyata shi.

"A'a," ya ce. "Malam ƙarami, ɗauko littafi da bironka."

Muka yini a bayan duwatsu, yana harbin kwali, ina rubutawa. Na lura da tafin hannu yake auna albarushi, awon yana bambanta. Da ƙyar na iya faɗa masa.

Ya yi dariya. "Ashe laifin tsoho ne!" Ya yanko ƙaho ya yi ma'auni, harbi ya miƙe.

Allah ya yi masa uzuri kamar yadda ya yi wa maƙerin nan.