Tsirkiya Ɗaya ta Maigidana

Rubuta mini, ɗiyata. Jiya na ji jita a rediyon maƙwabta, na nemi sautin marigayi maigidana a kaina, ban same shi ba.

Kullum da hantsi ina daka, shi yana danna tsirkiya ɗaya yana girgiza ta, har yatsansa ya yi kanta. Na ce, "Maigida, makaɗan biki na gudu da yatsu, kai kana wuri ɗaya!"

Ya ce, "Gudu kowa ya iya. Ni so nake ta yi kuka."

Yau na ciro jitar, na danna wurin da yatsansa ya goge. Ƙara kawai ta yi. Ni na yi kukan.

Allah ya jiƙansa, ya maido mini sautin nan kafin in bi shi.